Wa ke magana a kunnen yaronka idan yana buga gem ɗin harbi?

Da jirgin sama ake farawa. Mutum 100 ne a ciki, jirgin yana ratsa sararin wani tsibiri, kowa ya zaɓi inda zai diro da laima. Hannu rabbana ake sauka, sai a bazama cikin gidaje ana tsintar bindiga da harsashi da hular kwano da magani. Ana cikin haka wata da'ira ta fara tsukewa, duk wanda ta bari a waje ransa ya riƙa raguwa, don haka dole kowa ya matso tsakiya, a yi kiciɓis, a yi ta musayar wuta har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Wannan shi ne PUBG, wanda wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fitar a 2017, na wayar hannu kuma ya biyo baya a 2018. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo ya fito a ƙarshen 2017 da tsari iri ɗaya, sai dai mutum 50 ne, zagayen kuma bai cika wuce minti goma da 'yan kai ba. An gina shi yadda ƙaramar waya mai araha za ta ɗauke shi, shi ya sa ya shiga gidajen da ba su taɓa ganin PlayStation ba. Call of Duty, da ya faro tun 2003 a kwamfuta, ya sauko waya a watan Oktoba na 2019. Waɗannan ukun su ne yaranmu suka fi kira idan sun ce za su buga gem.

Abin da uwa ko uba ke gani daga bakin ƙofa kaɗan ne: yaro ya duƙufa, ya riƙe waya a kwance da hannu biyu, iyafis a kunne, yana ta ɗaga murya, "Yana bayanka! Ku zo ku tashe ni!" Da yawa daga cikin iyaye sun ɗauka da na'ura yake surutu. In ban da zagayen farko-farko, inda ake cika wa sabon shiga fili da abokan gaba na na'ura don ya saba, waɗanda yake harbi da waɗanda yake kira mutane ne masu rai. Wani yana Kano, wani Legas, wani Alƙahira ko Karaci. Wani shekararsa 12, wani 35. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar, domin gem ɗin harbi na intanet ya fi kama da gidan kallon ƙwallo da tsakar dare fiye da abin wasan yara: wuri ne na manya, ƙofa a buɗe, kowa na shiga, ba mai tambayar shekarun kowa.

Bari mu fara da bindigar, tunda ita ce ta fi tsone wa iyaye ido. Shin yaron da ke harbi a waya zai tashi da son kisa? An daɗe ana bincike a kan wannan. A 2019 masana a Jami'ar Oxford sun bi diddigin matasa kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka haɗa da bayanan iyayensu, ba su ga alaƙa tsakanin yawan buga irin waɗannan wasanni da halin faɗa ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ɗora aikata ta'asa a kan wasannin, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa da ƙananan halaye irin su tsawa da ture-ture. Wannan ba lasisi ba ne na sakar wa ɗan shekara tara wasan da ake fasa kan mutum a cikinsa. Ƙaramin yaro yana tsorata, yana mafarki, yana kwaikwayon abin da ya gani. Kuma yaran Birtaniya da aka yi wa tambayoyi ba su taɓa gudu daga ƙauyensu saboda ƙarar bindiga ta gaske ba. A ƙasar da wasu yara suka san wannan ƙara tun kafin su san waya, uba yana da cikakken dalilin duba yadda ɗansa ke kwana bayan ya yi awa biyu yana jin ta a kunne. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya tsaya a kan bindigar kaɗai ya tsare ƙofa ɗaya ya bar uku a buɗe.

Akwai alamar shekaru a kan kowane wasa, kuma ba ado ba ce. A Amurka kamfanonin gem suka kafa hukumar ESRB a 1994, bayan majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan jinin da ke cikin Mortal Kombat. Harafin T a wurinsu na nufin shekara 13 zuwa sama, M kuma 17 zuwa sama. Turai tana da PEGI tun 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. Manyan wasannin Call of Duty na kwamfuta da PlayStation suna ɗauke da M da 18, haka ma GTA V da ake bugawa a gidajen gem na unguwa. Fortnite, mai zane kamar katun, yana da T da 12. A Play Store da App Store ma alamar tana nan a ƙarƙashin sunan wasan, kusa da taurari, ko da yake lambar takan bambanta daga wannan kanti zuwa wancan. Duba ta ba ya cin minti ɗaya.

To amma me alamar ta auna? Abin da kamfani ya zuba a cikin wasan da hannunsa: yawan jini, irin kisan, ashar ɗin da ke bakin jaruman labari, tsiraici, caca. Ba ta auna abin da ɗan'adam zai faɗa ta makirufo ba, kuma ba za ta iya ba. ESRB da kanta ta daɗe tana rubuta wa masu saye cewa mu'amalar da ake yi da mutane ta intanet ba ta cikin abin da ta tantance. Wasa mai lamba 12 yana iya zama wurin da yaro zai ji maganar da ko a wasa mai lamba 18 ba a rubuta ba. Sannan shingen shekarun kansa na kara ne. Ana tambayar yaro shekarar haihuwa, ya rubuta 1990, shike nan ya zama magidanci. A gidajenmu ma sau da yawa ba ya buƙatar ƙarya: wayar Mama ce ko ta Yaya, da asusun Google ko Facebook na babba aka shiga, don haka duk kariyar da kamfani ya tanadar wa yara ba za ta taɓa tashi ba. Wani lokaci shiga da Facebook yakan jawo hoton mai asusun ya zama hoton ɗan wasa, baƙi suna kallo.

Yanzu ga inda ya kamata a daɗe, wato murya. Waɗannan wasanni an gina su ne a kan ƙungiya, galibi ta mutum huɗu. In yaro ba shi da abokai uku a kusa, akwai maɓallin da ke cike masa gurbi da duk wanda na'ura ta ga dama. Da an haɗa su, ga alamar makirufo da ta lasifika a gefen fuskar waya. Yana iya zaɓar ya ji 'yan ƙungiyarsa kawai, ko ya ji kowa da ke kusa, ko ya kashe gaba ɗaya. Wanda ba ya magana ana ganinsa a matsayin kaya, domin cin wasan yana bukatar a ce ga abokin gaba ta hagu, ga mota, ga harsashi. Da ya buɗe baki kuwa muryarsa ta tona shi. Ba a ɓoye muryar ɗan shekara 11, ba a ɓoye ta yarinya. Abin da ke biyo baya iri biyu ne. Na farko zagi: ashar, gorin ƙabila da addini da launin fata, batsa ga 'yan mata. Wannan yana da ciwo, amma a fili yake, yaro ya san an cuce shi. Na biyun ya fi haɗari domin da fara'a yake zuwa.

Ga yadda yake tafiya. Wani gwani ya ceci yaro a zagaye ɗaya, ya yaba masa, ya turo neman abota. Gobe ya gayyace shi, jibi ma haka. Yaron da a gida ake ce masa tashi ka ba mutane wuri ya sami babban da ke kiransa gwarzo. Sai kyauta ta biyo baya, riga ko bindiga mai ado da ake saye da kuɗi. Sai a ce hira a nan ba ta daɗi, ba ni lambarka ta WhatsApp, ko mu koma Discord ko Telegram. Wannan ƙaura ita ce babbar alama, domin an fita daga inda kamfani zai iya gani an koma inda ba mai gani. Daga nan tambayoyi su fara canza launi: wace makaranta kake, me Babanka ke yi, kai kaɗai ne a ɗaki? Sai sirri: kada ka gaya wa Mamarka, ba za ta gane ba. Wanda ya iya wannan aiki ba ya gaggawa, yana iya shafe watanni.

Labarin Breck Bednar ya nuna kowane mataki. Yaro ne ɗan shekara 14 a yankin Surrey na Ingila, mai ƙoƙari a makaranta, daga gidan da ake kula da shi. Ya shiga wata ƙungiyar buga wasannin yaƙi ta intanet tare da abokansa na zahiri, suna hira ta murya. Mai kula da dandalin hirar wani saurayi ne ɗan shekara 18 da ba wanda ya taɓa gani ido da ido, yana ce musu shi babban injiniyan kwamfuta ne mai kuɗi, mai hulɗa da gwamnatin Amurka. A hankali ya ware Breck daga sauran, ya riƙa zuga shi a kan iyayensa. Mahaifiyarsa ta lura, domin tana jin muryar mutumin a gidanta. Ta kira 'yan sanda a watan Disamba na 2013, ba a ɗauki matakin da ya kamata ba. Iyayen suka ƙwace masa kwamfuta, mutumin ya aika masa waya a ɓoye. A watan Fabrairu na 2014 Breck ya ce zai kwana gidan aboki, ya hau tasi da aka biya masa zuwa gidan mutumin a Essex, a can aka kashe shi. Kotu ta yanke wa makashin ɗaurin rai da rai a 2015, 'yan sanda kuma suka nemi afuwar iyalin daga baya. Mahaifiyar ta kafa gidauniyar Breck Foundation da ke zagaya makarantu tana ba da wannan labari.

Abubuwa biyu nake so a riƙe daga ciki. Na farko, Breck namiji ne, ba mace ba. Mu kuwa mun saba tsare 'ya mace mu saki ɗa namiji, alhali maza ne suka fi yawa a wasannin harbi. Na biyu, ƙwace na'ura bai raba su ba, sai ma ya tura maganar ƙarƙashin ƙasa, ya kuma gaskata abin da mutumin ya daɗe yana faɗa wa yaron, cewa iyayensa ne abokan gabansa.

Irin wannan ƙarshe ba kasafai yake faruwa ba, kuma ba daidai ba ne a sa iyaye su ɗauka kowane abokin wasa mugu ne. Mafi yawansu matasa ne masu neman nishaɗi. Abin da ya fi yawa shi ne a yaudari yaro ya tura hoton tsiraicinsa, galibi da sunan wata yarinya da babu ita, sannan a ce ya biya kuɗi ko a watsa wa danginsa da 'yan ajinsu. Kada mu ɗauka daga ƙetare kaɗai wannan ke zuwa. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ce ya goge asusun Instagram kimanin 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a. Mai farautar yana iya jin Hausa sarai, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar Hajiya. Kuma a inda garkuwa da mutane ta zama abin da kowa ke tsoro, sunan unguwa da sunan makaranta da lokacin tashi da sana'ar uba ba ƙananan bayanai ba ne.

Kamfanonin sun san da matsalar. A watan Disamba na 2022 Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan ƙarar da hukumar kare masu saye ta Amurka ta shigar. Miliyan 275 tara ce kan karya dokar sirrin yara. Cikin abin da hukumar ta kama shi da shi har da barin hirar murya da ta rubutu a buɗe tun daga farko, ana haɗa yara da baƙi, inda aka zage su, aka tsoratar da su, aka yi musu batsa. An tilasta masa ya rufe hirar ga yara da matasa sai in an buɗe da gangan. Kamfanin Activision kuma ya sa wata manhaja mai suna ToxMod a Call of Duty na kwamfuta da na'urorin gem a 2023, tana sauraren hira tana tsamo masu zagi. Da Turanci ta fara, aka ƙara wasu harsunan Turai daga baya. Uban da ɗansa ke hira da Hausa ko burokan kada ya jingina da ita. Ko da ma tana ji, zagi take nema, mai yaudara kuwa ba ya zagi.

Sauran dala miliyan 245 na waccan yarjejeniya na mayar wa mutane kuɗinsu ne, saboda an tsara maɓallan saye yadda taɓawa ɗaya cikin kuskure za ta cire kuɗi. Wannan ya kawo mu ƙofa ta gaba. Saukar da PUBG Mobile ko Free Fire kyauta ne, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowanne yana da kuɗinsa na ciki: UC a PUBG, lu'ulu'u a Free Fire, CP a Call of Duty. Da naira ko sefa ake sayensu, amma da zarar sun zama lu'ulu'u sai yaro ya daina lissafi da naira. Abin da ake saye galibi ado ne, ba ya ƙara ƙarfin harbi sosai ko ma sam, amma a cikin abokai shi ne mutunci. Mai rigar farko ta kyauta ana yi masa dariya. Akwai kuma akwatin sa'a da keken juyawa: ka biya, ba ka san abin da zai fito ba, abin da kake so yana nan yana walƙiya, saura kaɗan ka samu, sai ka sake biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna a 2018 ta ce caca ce. Tun 2020 ESRB da PEGI suke sa wata alama ta daban a kan wasan da ke sayar da abin da ba a san me zai fito ba. Duk gidan da ba zai yarda ɗansa ya shiga shagon caca ba ya kamata ya san wannan keken yana cikin wayar.

A gefe kuma ga 'yan damfara. Bidiyoyi da saƙonni sun cika intanet suna alkawarin lu'ulu'u ko UC kyauta. Shafin zai yi kama da na kamfanin, ya ce a shiga da Facebook, ko a turo lambar da ta shigo waya yanzun nan. Yaro ya tura, asusun Mama ya tafi, wani lokaci har da WhatsApp ɗinta, a fara roƙon kuɗi da sunanta. Ka'idar a nan gajeriya ce: kada a bar katin banki a maƙale da Play Store na wayar da yaro ke taɓawa, a sa saye ya nemi kalmar sirri kowane lokaci, kuma yaro ya haddace cewa lambar da ta shigo ta saƙo ba a ba kowa ita, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne.

Sai lokaci. Iyaye da yawa suna kiran yaro ya ce "ina zuwa" har sau uku, su ɗauka raini ne. Wani lokaci rainin ne, amma akwai abin da ya kamata a sani: wasan intanet ba a dakatar da shi. Zagayen PUBG yana iya kai rabin awa, in ya fita a tsakiya ya yi asarar maki, ya kuma bar abokai uku a hannun abokan gaba, gobe su ƙi ɗaukarsa. Ga matsayi da ake hawa, wanda ake rage shi idan kakar wasa ta ƙare a sake faro hawa. Ga kyautar shiga kullum, ga aikin yau da na mako. Duk an tsara su ne don kada a yi fashi. Haɗa wannan da data mai araha da kamfanonin waya ke sayarwa ta tsakar dare, ka ga dalilin da ya sa ake fama da yaro a sallar asuba, malami kuma yake ganinsa yana gyangyaɗi a aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019, ya fara aiki a 2022, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma galibi a shafe wata 12 a haka. Hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wannan mataki. Yaron da ke buga awa ɗaya bayan ya dawo Islamiyya, yana cin abinci, yana barci, yana fita ƙwallo, ba mara lafiya ba ne.

Wasu ƙasashe sun gwada sanda. Iraƙi da Jodan sun haramta PUBG a 2019, Pakistan ta dakatar da shi na ɗan lokaci a 2020, Indiya ta rufe shi a 2020 ta rufe Free Fire a 2022, ko da yake ita dalilinta tsaron bayanai ne. Sin ta fi kowa tsanani: tun 2021 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya suke da ita, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Can ma yara sun koma shiga da asusun manya. Mu ba mu da ko wannan tsarin, don haka aikin ya dawo gida.

Ga ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Yaron da bai kai shekara 13 ba ba shi da abin yi a wasan harbin da ake haɗa shi da baƙi; akwai ƙwallo da tseren mota da wasannin da ba sa bukatar intanet. Daga 13 zuwa 15, in alamar wasan ta yarda kuma iyaye sun yarda, to da abokan da aka san fuskarsu da gidajensu, makirufo a kan 'yan ƙungiya kawai, maɓallin cike gurbi da baƙi a kashe. Mai lamba 18 ya jira. Daga 16 zuwa sama hani ba ya aiki sosai, sai hira da amana.

Saitin ba shi da wuya kamar yadda ake zato. A Android akwai Family Link na Google, kyauta: za ka buɗe wa yaro asusunsa da shekarunsa na gaskiya, babu manhajar da za ta sauka sai ka amince, ka sa iyakar awoyi, ka sa lokacin da waya za ta kulle da dare. A iPhone Screen Time ke wannan aiki. PlayStation da Xbox suna da asusun iyali da ke iya rufe hira da saye. Amma a waya, waɗannan ba sa shiga cikin wasan su kashe makirufo. Sai an buɗe wasan kansa, a taɓa alamar saiti, a shiga sashen sauti da na sirri, a rufe neman abota daga baƙi, a kunna tace ashar, a rage jini inda aka ba da dama. In kai ba ka iya ba, kira yayansa ko ƙaninka da ya iya, ko ma ka sa yaron ya nuna maka da hannunsa. Sunan da yake amfani da shi kada ya ƙunshi sunansa na gaskiya ko garinsu ko shekarar haihuwarsa. Ya kuma nuna maka ya san yadda ake rufe bakin mutum, da toshe shi, da kai ƙararsa.

Akwai dabaru da ba sa bukatar ilimin waya ko kaɗan. A yi wasa a falo ko tsakar gida, ba a ƙule a ɗaki ba. Ƙaramin yaro ya cire iyafis, sauti ya fito kowa ya ji. Mahaifiyar Breck da kunnenta ta fara gane akwai matsala. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. A yi iyaka da zagaye maimakon minti, a ce saura biyu ka tashi, kuma kada a fara sabo idan an kusa kiran salla ko an kusa sauke abinci. Wannan kaɗai yana kashe rabin rigimar. Gidan gem na unguwa ma a leƙa, a ga abin da ake kunna wa yara da waɗanda ke zama a wurin, a yi magana da mai shagon cikin mutunci. Kuma iyayen abokansa su san abin da ka yanke, domin dokar gida ɗaya ba ta tsayawa idan wayar maƙwabta a sake take.

Mafi nauyi duka shi ne alkawari ɗaya da za ka yi wa yaro tun kafin komai ya faru: duk ranar da wani ya faɗa maka abin da ya dame ka, ko ya nemi hoto, ko ya ce ka ɓoye mini wani abu, ka zo ka gaya mini, ba zan doke ka ba, ba zan ƙwace wayar ba. Yara suna yin shiru ne saboda tsoron abu biyun nan, ga kunya a kai, kuma masu cutar da su da wannan shirun suke aiki. Alkawarin yana da wuyar cikawa ranar da rai ya ɓaci, amma in ka karya shi sau ɗaya ba za ka sake jin komai ba.

In abin ya riga ya faru, kada a goge saƙonni. A ɗauki hotonsu, da sunan mutumin da lambarsa ta cikin wasa. Kada a biya ko sisi, domin wanda aka biya dawowa yake. A daina amsa masa, a kai ƙara a cikin manhajar, a kai wa 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet, ko hukumar NAPTIP. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta yaudarar yaro ta intanet da nufin lalata, Nijar ma tana da tata dokar tun 2019. In hoto ya fita, akwai Take It Down, shafin kyauta na wata cibiyar kare yara ta Amurka, wanda ke taimakawa a cire hoton ɗan ƙasa da shekara 18 daga Facebook da Instagram da TikTok ba tare da hoton ya bar wayar ba. Yaron kuma a gaya masa a fili cewa shi aka zalunta, kuma ba a bar shi shi kaɗai a daren ba.

Iyaye, yau da daddare ku zauna kusa da shi ku kalli zagaye ɗaya daga dirowa har ƙarshe. Idan ya gama, ku ce ya buɗe jerin abokansa na cikin wasan, ku bi su ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya: wannan ɗan gidan wa ne, a ina ka san shi? Duk wanda ya kasa faɗin inda ya san shi, ku cire shi tare.